Kasuwantar da jami'o'i

Kasuwantar da jami'o'i shi ne sauyin da ya samu ilimi mai zurfi a ƙasashe da dama tun daga wajen shekarar 1980, inda jami'o'in da a da suka dogara ga baitulmalin gwamnati suka koma neman wani kaso na kuɗin shigarsu da kansu. A ƙarƙashin wannan tsari jami'o'i na gasa da juna a kan ɗalibai da kwangilar bincike da kuma suna, ana kuma tafiyar da su da salon da ya yi kama da na kamfanoni. Jami'ar da ta rungumi tsarin ana kiranta jami'a mai neman na kanta ko jami'a 'yar kasuwa.

Sauyin ya ƙunshi sanya kuɗin makaranta ko ƙara shi, da ba ɗalibai bashin karatu a maimakon tallafi, da jawo ɗalibai daga ƙasashen waje, da sayar da sakamakon bincike ga masana'antu, da ƙara wa shugabannin jami'a iko. A mafi yawan ƙasashe gwamnatoci ne da kansu suka gina wannan kasuwa ta hanyar dokoki da kasafin kuɗi. Duk da cewa an fi yayata labarin ƙirƙire-ƙirƙire da kamfanonin da ke tsirowa daga jami'o'i, kaso mafi tsoka na kuɗin da jami'o'i ke samu daga kasuwa yana fitowa ne daga aljihun ɗalibai da iyayensu.

Asali

Tsarin jami'ar zamani da ya yaɗu a Turai a ƙarni na 19 ana danganta shi da Wilhelm von Humboldt da Jami'ar Berlin da aka kafa a 1810. Manufarsa ita ce gwamnati ta ɗauki ɗawainiyar jami'a, malamai kuma su haɗa koyarwa da bincike ba tare da an tilasta musu neman riba ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashe da yawa sun faɗaɗa wannan tsari da kuɗin haraji, har karatun jami'a ya zama kyauta ko kusan kyauta a yawancin Turai da kuma ƙasashen Afirka da Asiya da suka samu 'yancin kai.

Amurka ta bi wata hanya tun da wuri. Dokar Morrill ta 1862 ta bai wa jihohi filaye domin su kafa kwalejojin da za su koyar da noma da aikin injiniya, abin da ya ƙulla jami'a da sana'a tun daga tushe. A 1925 aka kafa gidauniyar WARF a Jami'ar Wisconsin domin ta riƙe haƙƙin mallakar wata dabara da Harry Steenbock ya gano ta ƙara sinadarin bitamin D a abinci, ta kuma mayar da ribar ga bincike. Maganin hana daskarewar jini na warfarin daga sunan wannan gidauniya ya samo nasa. A Jami'ar Stanford kuwa, Frederick Terman ya ƙarfafa wa ɗalibansa William Hewlett da David Packard gwiwa suka kafa kamfaninsu a 1939, sannan a 1951 jami'ar ta fara ba kamfanonin fasaha hayar filayenta. Wannan yanki shi ne ya zama ɗaya daga cikin tushen Silicon Valley. Sai dai har zuwa ƙarshen shekarun 1970 irin waɗannan misalai ba su taka kara sun karya ba idan aka duba jami'o'in duniya baki ɗaya.

Dalilan sauyin

Dalili na farko shi ne yawan ɗalibai. A 1973 masanin zamantakewa Martin Trow ya kasa ilimi mai zurfi gida uku: na 'yan tsiraru, inda masu shiga ba su kai kashi 15 cikin 100 na matasa ba, na jama'a, daga kashi 15 zuwa 50, da na kowa da kowa, sama da kashi 50. Tsarin da gwamnati ke biyan komai an gina shi ne a lokacin da masu shiga jami'a 'yan tsiraru ne. Alƙaluman UNESCO sun nuna cewa ɗaliban manyan makarantu a duniya sun tashi daga kimanin miliyan 100 a shekarar 2000 zuwa fiye da miliyan 230 a 2020, alhali kasafin kuɗin yawancin ƙasashe bai ƙaru daidai da haka ba.

Na biyu shi ne tsuke bakin aljihu da ya biyo bayan tashin farashin man fetur a shekarun 1970, da kuma hawan gwamnatocin da suka yi imani da cewa gasa ita ce ke gyara ma'aikatun gwamnati, irin ta Margaret Thatcher a Birtaniya da ta Ronald Reagan a Amurka. A wannan zamani ne ra'ayin masana tattalin arziki irin su Gary Becker ya samu karɓuwa, cewa ilimi jari ne da mutum ke zubawa a kansa. Hujjar da aka gina a kai ita ce tunda mai digiri ya fi samun albashi, ya kamata ya biya wani kaso na kuɗin karatunsa, a maimakon a biya masa daga harajin waɗanda ba su taɓa shiga jami'a ba.

Na uku shi ne yadda gwamnatoci suka fara kallon bincike a matsayin makamin gasar tattalin arziki, musamman a fannonin kwamfuta da haɗa magunguna da fasahar ƙwayoyin halitta. A 1995 yarjejeniyar cinikin ayyuka ta Hukumar Kasuwanci ta Duniya ta lissafa ilimi cikin ayyukan da ake iya cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Masana da ra'ayoyinsu

Henry Etzkowitz na cikin waɗanda suka fara amfani da kalmar jami'a 'yar kasuwa, a wata maƙala da ya wallafa a 1983 kan masana kimiyya na Amurka. Daga baya shi da Loet Leydesdorff suka fito da ra'ayin cewa ƙirƙira na bunƙasa ne idan jami'a da masana'antu da gwamnati suka sarƙe da juna kamar igiya mai tufka uku. A ganinsu jami'a ta samu aiki na uku bayan koyarwa da bincike, wato bunƙasa tattalin arziki.

Littafin da ya fi tasiri a kan shugabannin jami'o'i shi ne na Burton Clark, Creating Entrepreneurial Universities, wanda ya fito a 1998. Clark ya yi nazarin jami'o'i biyar na Turai: Warwick a Ingila, Strathclyde a Sikotlan, Twente a Holan, Chalmers a Suwidin, da Joensuu a Finlan. Ya gano abubuwa biyar da suka haɗa su. Akwai shugabanci mai ƙarfin yanke hukunci cikin hanzari, da sababbin cibiyoyi a gefen tsangayoyi masu hulɗa da waje, da hanyoyin samun kuɗi iri-iri, da tsangayoyin ilimi da suka yarda suka shiga tafiyar, da kuma al'adar neman na kai da ta ratsa jami'ar gaba ɗaya. Clark bai ɗauki wannan a matsayin miƙa wuya ga 'yan kasuwa ba. A wurinsa jami'ar da ke da majiɓinci guda ɗaya tak ba ta da 'yanci, yawan hanyoyin samun kuɗi shi ne ke ba ta damar tsayawa da ƙafafunta.

Sheila Slaughter da Larry Leslie sun kalli lamarin ta wata fuska a littafinsu Academic Capitalism na 1997, bayan nazarin Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya. Sun nuna cewa malamai ma'aikatan gwamnati ne da aka tura farautar kuɗi, suna amfani da kayan jama'a wajen neman riba, kuma kuɗi da daraja na karkata zuwa fannonin da ke kusa da kasuwa.

Kuɗin makaranta da bashin karatu

Ostareliya ta soke kuɗin jami'a a 1974, ta kuma dawo da shi a 1989 ƙarƙashin gyare-gyaren ministan ilimi John Dawkins. Tsarin HECS, wanda masanin tattalin arziki Bruce Chapman ya tsara, ya fara da dalar Ostareliya 1,800 a shekara. Ɗalibi ba ya biya a lokacin karatu, sai bayan ya kama aiki kuma albashinsa ya kai wani mataki, sannan hukumar haraji ta riƙa cirewa. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi wannan dabara.

A Ingila an fara karɓar fam 1,000 a shekara a 1998, aka ɗaga zuwa fam 3,000 a 2006, sannan fam 9,000 a 2012, a daidai lokacin da aka zaftare mafi yawan tallafin koyarwa da gwamnati ke bai wa jami'o'i kai tsaye. Wato kuɗi ya koma bin ɗalibi duk inda ya zaɓa. An yi tsammanin jami'o'i za su yi gasa ta hanyar sauƙaƙa farashi, amma kusan dukkansu suka sanya mafi girman abin da doka ta yarda, domin araha na iya sa a ɗauka cewa karatun ba shi da inganci. A 2015 aka cire ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, sai manyan jami'o'i suka faɗaɗa, ƙananan suka rasa ɗalibai.

Chile ce ta riga kowa zurfafawa. Kafin 1981 jami'o'i takwas ne a ƙasar. Dokar da gwamnatin soja ta Augusto Pinochet ta yi a wannan shekara ta buɗe ƙofa ga jami'o'i masu zaman kansu, ta kuma ɗora kuɗi a kan ɗaliban jami'o'in gwamnati. A Sin an daidaita tsarin biyan kuɗi ga dukkan ɗalibai a 1997, kafin babbar faɗaɗawar 1999 wadda ta ɗaga sababbin ɗalibai daga kimanin miliyan 1 zuwa kimanin miliyan 1.6 a shekara guda. A Amurka kuwa, inda jihohi suka rage abin da suke kashewa a kan kowane ɗalibi musamman bayan rikicin kuɗi na 2008, jimillar bashin karatu ta haura dala tiriliyan 1.7.

Ɗaliban ƙasashen waje

A 1980 Birtaniya ta fara karɓar cikakken kuɗin karatu daga sababbin ɗaliban da suka zo daga ƙetare. Tun daga nan ɗalibin waje ya zama babbar hanyar samun kuɗi, domin gwamnati ba ta ƙayyade abin da zai biya, kuma sau da yawa yana biyan ninki biyu ko uku na abin da ɗan ƙasa ke biya. Jami'o'i na amfani da rarar wajen cike giɓin bincike da na koyar da 'yan ƙasa. Yawan masu karatu a wajen ƙasashensu ya tashi daga kimanin miliyan 2 a shekarar 2000 zuwa fiye da miliyan 6 cikin shekaru ashirin. Ko ƙasashen arewacin Turai da suka riƙe ilimi kyauta ga 'yan ƙasa sun sanya kuɗi a kan baƙin da ba na Turai ba: Danmak a 2006, Suwidin a 2011, Finlan a 2017, Norwe a 2023.

Wasu jami'o'in sun kai kasuwar har gida, suka buɗe rassa a ƙetare. Monash ta buɗe reshe a Maleshiya a 1998, Nottingham a Maleshiya a 2000 da kuma Ningbo ta ƙasar Sin a 2004, Jami'ar New York a Abu Dhabi a 2010, Lancaster kuma a Ghana a 2013. Ba duka suka yi nasara ba. Reshen da Jami'ar New South Wales ta buɗe a Singafo a 2007 an rufe shi bayan zangon karatu ɗaya saboda ƙarancin ɗalibai.

Wannan hanya tana da haɗari domin ta dogara ga abubuwan da ba su hannun jami'a: dokar biza, da darajar kuɗin ƙasashe, da dangantakar siyasa. Da Ostareliya ta rufe iyakokinta a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ƙungiyar jami'o'in ƙasar ta ce an rasa guraben aiki aƙalla 17,300 a wannan shekara. A Birtaniya, hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, haɗe da faɗuwar darajar naira, ya rage masu zuwa daga Najeriya da wasu ƙasashe. Hukumar kula da jami'o'in Ingila ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na makarantun da take kula da su na fuskantar giɓin kuɗi.

Sayar da sakamakon bincike

Dokar da ta sauya wannan fanni ita ce ta Bayh-Dole, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sanya wa hannu a Disamba 1980, mai ɗauke da sunayen sanatoci Birch Bayh da Bob Dole. Kafin ta, ƙirƙirar da aka yi da kuɗin gwamnatin tarayya ta gwamnati ce. Gwamnatin na riƙe da takardun haƙƙin mallaka kimanin 28,000, kuma ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne aka ba kamfanoni lasisin amfani da su. Dokar ta yarda jami'a ta mallaki ƙirƙirar, ta ba da lasisi, ta raba kuɗin da malamin da ya yi aikin. Sakamakon haka jami'o'i suka buɗe ofisoshi na musamman da ke rajistar ƙirƙira da neman masu saye.

Akwai nasarori sanannu. Dabarar haɗa ƙwayoyin gado ta Stanley Cohen da Herbert Boyer ta samar wa Stanford da Jami'ar California kimanin dala miliyan 255 kafin wa'adinta ya ƙare a 1997. Stanford ce kuma ta mallaki haƙƙin dabarar da injin binciken Google ya ginu a kai, ta karɓi hannun jari a kamfanin, ta sayar a 2005 a kan dala miliyan 336. Japan ta yi irin wannan doka a 1999, Jamus kuma ta soke haƙƙin da farfesoshi ke da shi na mallakar ƙirƙirarsu a 2002, ta mayar da shi ga jami'a. Suwidin ta bar shi a hannun malamai.

Sai dai irin wannan riba ta taƙaita ga jami'o'i ƙalilan. Wani nazari da cibiyar Brookings ta fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na jami'o'in Amurka da aka duba ba su samu kuɗin lasisi da zai biya ɗawainiyar ofishin da ke wannan aiki ba a shekarar 2012. Sin ta gwada wata hanya, inda jami'o'i suka mallaki manyan kamfanoni kai tsaye, kamar rukunin Founder na Jami'ar Peking da Unigroup na Jami'ar Tsinghua. Dukansu biyu bashi ya yi musu katutu, kotu ta shiga sake musu fasali a 2020 da 2021, gwamnati kuma ta umarci jami'o'i su janye daga yawancin irin waɗannan kamfanoni.

Shugabanci, awo da jerin fifiko

Kasuwantarwa ta sauya yadda ake mulkin jami'a. A Birtaniya an yi wa jami'o'i babban zaftare a 1981, inda Salford ta rasa kimanin kashi 44 cikin 100 na tallafinta. Warwick ta mayar da martani da shirin cike rabin giɓin ta hanyar tsimi, rabi kuma ta hanyar nema, ta amfani da cibiyar hulɗa da masana'antu da Kumar Bhattacharyya ya kafa a 1980, da gajerun kwasa-kwasai, da ba da hayar ɗakunan taro. Rahoton Jarratt na 1985 ya ba da shawarar a ɗauki shugaban jami'a a matsayin babban jami'in gudanarwa. A 1986 aka fara auna ingancin binciken kowace tsangaya domin raba kuɗi bisa sakamako, dokar 1988 kuma ta soke kariyar aikin dindindin ga sababbin malamai. A Japan an mayar da jami'o'in ƙasa hukumomi masu cin gashin kansu a 2004, aka kuma riƙa rage tallafin gudanarwa da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara na tsawon lokaci.

A ko'ina aka bi wannan hanya, iko ya karkata daga majalisar malamai zuwa ofishin shugaba da hukumar gudanarwa mai mambobi daga waje. 'Yancin da gwamnati ta bayar ta fuskar kuɗi ta karɓe shi ta fuskar awo, domin ita ke tsara ma'aunan da ake raba tallafi da su. Shi ya sa masana ke cewa wannan kasuwa ce ta jeka-na-yi-ka: ana gasa, amma gwamnati ce ke sa farashi da dokokin wasan.

Jerin fifikon jami'o'in duniya ya ƙara rura wutar gasar. Jami'ar Jiao Tong ta Shanghai ta fara nata a 2003, mujallar Times Higher Education da kamfanin QS suka biyo baya a 2004. Waɗannan jeri sun fi auna bincike da suna fiye da ingancin koyarwa, amma iyaye da masu ba da tallafin karatu na dogara da su. A 2022 Jami'ar Columbia ta amsa cewa ta ba da alƙaluman da ba daidai ba ga mujallar U.S. News bayan wani malaminta na lissafi ya bankaɗo lamarin, ta kuma faɗo daga matsayi na 2 zuwa na 18. A 2023 Jami'ar Utrecht ta Holan ta daina miƙa bayananta ga jerin Times Higher Education.

A nahiyar Afirka

A Afirka sauyin ya zo ne ta ƙofar bashi da shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a shekarun 1980. Lissafin da bankin ya dogara da shi a lokacin ya nuna cewa kuɗin da aka kashe a firamare ya fi amfanar ƙasa fiye da wanda aka kashe a jami'a, don haka ya shawarci gwamnatoci su sa ɗalibai su raba ɗawainiya, su kuma ƙyale masu zaman kansu su shigo. Bankin ya sassauta wannan matsayi bayan rahoton haɗin gwiwa da UNESCO na shekarar 2000, wanda ya jaddada muhimmancin jami'a ga ci gaban ƙasa.

Misalin da aka fi nazari shi ne Jami'ar Makerere ta Yuganda. Daga 1992 ta fara ɗaukar ɗalibai masu biyan kuɗi tare da waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, ta buɗe darussan yamma, ta kuma bar tsangayoyi su riƙe wani kaso na abin da suka samo. Cikin 'yan shekaru masu biya suka zama mafi rinjaye, malamai suka samu ƙarin alawus. Bankin Duniya ya yaba da wannan, Clark ma ya sa jami'ar cikin misalansa a littafinsa na 2004. Amma Mahmood Mamdani, a littafinsa Scholars in the Marketplace na 2007, ya nuna cewa tsangayoyi sun shiga rububin ɗalibai, suna buɗe kwasa-kwasan da ba su da ƙwararru a kai, ajujuwa suka cika maƙil, bincike ya ja baya. Jami'ar Nairobi ta Kenya ta ɗauki irin wannan tsari a 1998.

A Najeriya an soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya a 1977, kuma ƙarin kuɗin abinci da masauki ne ya haddasa zanga-zangar ɗalibai ta 1978 da aka sani da "Ali Must Go". A 1993 aka kafa asusun harajin ilimi, wanda ya zama TETFund a 2011, domin karɓar wani kaso na ribar kamfanoni a zuba a manyan makarantu. Jami'o'i masu zaman kansu uku na farko, Igbinedion da Babcock da Madonna, sun samu lasisi a 1999, kuma a yau irinsu sun fi na gwamnati yawa, ko da yake mafi yawan ɗalibai na jami'o'in gwamnati ne. Jami'o'in gwamnati na neman ƙarin kuɗi ta hanyar karatun wucin gadi da na share fage da digiri na biyu na ma'aikata. A 2023 da dama daga cikin jami'o'in tarayya suka ƙara kuɗin rajista, aka kuma yi dokar bashin karatu, wadda aka sake yi wa kwaskwarima a 2024, asusun NELFUND ya fara aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana adawa da ɗora wa ɗalibai nauyin da take gani na gwamnati ne.

Muhawara

Masu goyon baya na cewa ba don kuɗin ɗalibai da jami'o'i masu zaman kansu ba, da miliyoyin matasa ba su samu gurbi ba. Suna kuma cewa ƙirƙirar da ta tsaya a ɗakin gwaji ba ta amfanar kowa sai kamfani ya ɗauke ta. Suna kafa hujja da allurar rigakafin korona da Jami'ar Oxford ta haɗa da kamfanin AstraZeneca, wadda aka sayar ba riba a lokacin annobar, da kuma rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 da Oxford ta samar tare da cibiyar Serum ta Indiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Oktoba 2023.

Masu suka na nuna haɗarin da ke tattare da kuɗin kamfani ga gaskiyar bincike. A 1996 likita Nancy Olivieri ta Toronto ta nemi sanar da marasa lafiya damuwarta game da wani magani da take gwadawa, sai kamfanin da ke ɗaukar nauyin aikin ya dakatar da gwajin, ya kuma yi mata barazanar shari'a bisa yarjejeniyar sirri da ta sa wa hannu. A 2001 ɗaliban Jami'ar Yale da ƙungiyar likitoci ta MSF sun matsa wa jami'ar lamba a kan maganin cutar ƙanjamau na d4T, wanda ita ke da haƙƙin mallakarsa amma talakawan Afirka ta Kudu ba sa iya saye, har kamfanin da ke riƙe da lasisin ya karya farashin. Derek Bok, tsohon shugaban Jami'ar Harvard, ya yi gargaɗi a 2003 cewa ribar kasuwanci ana ganinta nan take, amma ɓarnar da take yi wa amanar jama'a a hankali take taruwa.

Sauran koke-koken sun haɗa da yawaitar malaman kwantiragi, waɗanda a Amurka sun kai kimanin kashi biyu cikin uku na masu koyarwa, da rufe sassan harsuna da tarihi da falsafa saboda ƙarancin masu biya, da mayar da ɗalibi abokin ciniki wanda ake tsoron kayarwa. Makarantun da aka kafa don riba zalla su ne suka fi jawo ce-ce-ku-ce. Jami'ar Phoenix ta Amurka ta kai ɗalibai kimanin 470,000 a 2010 kafin adadin ya ruguzo, yayin da Corinthian ta durƙushe a 2015, ITT kuma a 2016, suka bar dubban ɗalibai da bashi ba shaidar kammalawa.

Inda aka ja da baya

Sauyin bai tafi a miƙe ba a ko'ina. A Jamus wasu jihohi sun sanya yuro 500 a kowane zango bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2005, amma zanga-zanga da sauyin gwamnatoci suka sa aka soke shi ɗaya bayan ɗaya, jihar ƙarshe a 2014. Sikotlan ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga 'yan yankinta masu digiri na farko. A Chile boren ɗalibai na 2011 ya kai ga shirin karatu kyauta ga 'ya'yan marasa ƙarfi daga 2016. A Afirka ta Kudu zanga-zangar da ta tashi a Jami'ar Witwatersrand a Oktoba 2015 kan ƙarin kashi 10.5 cikin 100 ta bazu a ƙasar, kuma a Disamba 2017 gwamnati ta sanar da karatu kyauta ga ɗaliban da iyalansu ke samun ƙasa da rand 350,000 a shekara.

A dukkan waɗannan ƙasashe abin da aka janye shi ne kuɗin da ɗan ƙasa ke biya. Gasar neman kuɗin bincike, da awon sakamako, da ofisoshin sayar da ƙirƙira, da farautar ɗaliban ƙetare, sun ci gaba har a ƙasashen da karatu ke kyauta.